Jini Kamar Kuɗin Adashi Yake, Sai Yana Zagayawa

'Yan'uwa mata, mun san in kuɗin adashi suka maƙale a hannun mutum ɗaya, matsala ta zo. To haka jini yake. Zuciya ce ke tura shi zuwa ƙafa, amma wajen dawowa sai naman sharaɓa ya matsa jijiyoyi, wato sai muna motsi. In aka daɗe a zaune ko a kwance, jinin yakan yi sanyin tafiya har ya daskare ya zama guda. Gudan nan in ya ɓalle ya kai huhu, yana iya kisa.

Na ga wannan da idona. Wata 'yar ƙungiyarmu ta haihu ta hanyar tiyata, bayan suna ƙafarta ta hagu ta kumbura. Aka ce ai jego ne, a gasa mata. Muka ce a'a, muka ciri kuɗin mota daga asusun taimako. A asibiti aka gano gudan jini ne. Ta sha magani wata uku, yanzu ga ta nan garau.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne mai ciki, mai jego musamman a makonni 6 na farko, wadda aka yi wa tiyata, majinyacin da ke kwance, mai ƙiba sosai, mai sikila, da mai zaman mota fiye da awa 4.

Rigakafin ba ya cin ko sisi:

1. In kina ɗinkin hula ko ɓarar gyaɗa, miƙe ki zagaya tsakar gida duk bayan awa guda.
2. A zaune ko a kwance, riƙa motsa ƙafa sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki.
3. Mai jego ta huta, amma kar ta wuni a gado. Ta riƙa takawa a hankali.
4. Sha ruwa sosai, balle lokacin zafi da shayarwa.
5. A rage gishiri, magi da kanwa, a ƙara ganye irin su zogale da rama, saboda lafiyar zuciya.

Tafarnuwa da citta suna da kyau a miya, amma fa ba sa narkar da gudan jini. Wadda likita ya ɗora kan maganin tsinka jini kuwa, kar ta sha wani jiƙo sai ta tambaye shi.

In ƙafa ɗaya ta kumbura, tana ciwo, ta ɗau zafi, kar a murza, kar a gasa, a tafi asibiti a ranar. In kuma numfashi ya sarƙe kwatsam, ko ƙirji na suka, ko ana tarin jini, ko da tsakar dare ne a tafi.

A taronmu na gaba mu tsai da magana: nawa za mu ware don kuɗin mota, kuma mai abin hawa wane za mu kira? Allah ya ƙara mana lafiya.