Koriya ta Kudu: ƴaƴan riƙo a gidajen Amurka saboda Ingilishi

A Koriya ta Kudu, harshen Ingilishi haja ce da iyaye ke saya wa ƴaƴansu da tsada, wani lokaci har da rabuwar iyali. Cikin hanyoyin da suke bi akwai kai yaro riƙo na ɗan lokaci wurin wasu Amurkawa waɗanda su kansu suka janye ƴaƴansu daga lekol suna karantar da su a gida.

Ranar jarrabawar Suneung, wadda ke matsayin bak a can kuma aka saba yin ta wata Alhamis ta Nuwamba, ana dakatar da tashi da saukar jiragen sama a faɗin ƙasar har kimanin minti 35. Lokacin ne ɗaliban ajin ƙarshe na lise ke sauraron Ingilishi, kuma ba a son ƙarar jirgi ta ɓata musu ji. Ƙasar da ke tsayar da jirage domin wani harshe, ba abin mamaki ba ne iyayenta su ɗora ƴaƴansu a jirgi domin shi.

Tushen lamarin

A 1995 shugaba Kim Young-sam ya sa manufar buɗe ƙasar ga duniya a gaba, a 1997 kuma aka wajabta Ingilishi tun daga aji na uku na firamare. A wannan shekarar ce tattalin arziki ya durƙushe har aka nemi agajin Asusun Lamuni na Duniya, dubban ma'aikata suka rasa aiki, manyan kamfanoni kuwa suka ƙara duba makin Ingilishi kafin ɗaukar sabon ma'aikaci. A 2000 kotun tsarin mulki ta soke haramcin da aka ɗora wa darussa masu zaman kansu tun 1980, makarantun yamma da ake kira hagwon suka cika unguwanni. A 2024 kuɗin da iyaye suka zuba cikin irin wannan ƙarin karatu ya kai won miliyar dubu 29 da 200, wato fiye da dalar Amurka miliyar 20.

Masu hali ba su tsaya nan ba. Yaran firamare, kolej da lise da suka fita karatu waje ba su kai dubu 5 ba a 2000, amma a 2006 sun kai dubu 29 da 511. Sau da yawa uwa kan bi yaro zuwa Amurka, Kanada ko Ostareliya, uba ya zauna shi kaɗai a Seul yana aiki yana aike. Koriyawa sun laƙaba masa gireogi appa, wato uba dinya, saboda kamar dinyar daji sau ɗaya ko biyu a shekara yake ƙetare teku ya ga iyalinsa. Mai kuɗin jirgi kowane lokaci shi ne uba gaggafa. Wanda aljihunsa ya bushe har ba ya iya tafiya, sai aka ba shi sunan tsuntsun ƙanƙara mai fiffike amma ba ya tashi. Ga gidan da ba ya son wannan rabuwa, ko ba ya iya ɗaukar nauyinta, riƙon ƴan makonni ya fi sauƙi.

Gidan da ya zama aji

A Amurka, tun 1993 doka ta yarda da karatun gida a dukan jihohi 50, saɓanin Jamus inda aka hana shi, da Faransa inda tun 2022 sai da izini. Hukumar ƙididdigar ilimi ta Amurka ta ƙiyasta yaran da ake karantarwa a gida da dubu 850 a 1999, da kimanin miliyon 1 da dubu 700 a 2016. Cikin dalilan da iyayen ke yawan bayarwa akwai tsoron halin da makarantu ke ciki da kuma son tarbiyyar addini. Nan ne suke haɗuwa da wani ɓangare na Koriyawa, domin ƙidayar 2015 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙasar Kirista ne, kuma majami'u na daga cikin hanyoyin da iyalai biyu ke sanin juna.

Abin da ke jan hankalin iyayen Koriya a bayyane yake. A babbar makaranta ta Los Angeles ko Vancouver, yaro kan tarar da ƴan ƙasarsu ya koma hira da harshensu. A gidan da ake karatu bisa teburin cin abinci kuwa, daga kalaci har kwanciya Ingilishi kawai zai ji, ga uwar gida tana nan yini guda, ga ƴaƴanta abokan wasa da karatu. Su ma masu masauki suna da riba: ƴaƴansu, waɗanda ake yawan zargin an killace su, suna samun baƙo daga wata duniya, kuma inda aka shirya biya, kuɗin na tallafa wa gidan da sau da yawa albashi ɗaya ke riƙe da shi.

Doka da amana

Dokar Amurka ta ƙuntata wannan hanya. Tun 1996 ba a ba baƙo bizar ɗalibi don shiga firamaren gwamnati, a sakandaren gwamnati kuma wata 12 ne iyaka, tare da biyan cikakken kuɗin karatu. Bizar musayar ɗalibai ta masu shekara 15 zuwa 18 da rabi ce, kuma ba a biyan gidan da ya sauke su. Karatun gida kuwa ba ya cikin makarantun da ake ba da bizar ɗalibi da sunansu. Abin da ya rage shi ne ziyara: tun Nuwamban 2008 Bakoriye na iya shiga Amurka ba biza har kwana 90, kuma babban hutun hunturu na Koriya, kafin sabuwar shekarar karatu ta Maris, ya dace da haka.

Sai dai ƙaramin yaron da ya zo a matsayin baƙo ba ya ƙarƙashin sa idon da doka ta tanadar wa ɗaliban musaya, inda ake bincikar masu masauki kuma wakili ke bin lafiyar yaro kowane wata. Babu mushe ko daraktan makaranta da zai lura in ya rame ko ya daina magana. Ɗan shekara goma da bai iya faɗin ciwonsa da harshen masu gida ba, amanarsa gaba ɗaya tana hannun mutanen da iyayensa wataƙila ba su taɓa gani ido da ido ba. Wanda ya daɗe a waje kuma, idan ya dawo yakan tarar tsararsa sun yi masa nisa a harshen Koriya da lissafi, alhali jarrabawar da ke jiransa da su za a yi ta.

Bayan rikicin kuɗi na 2008 masu fita sun ragu, a 2009 sun sauko zuwa kimanin dubu 18. Hukuma ta nemi kawo Ingilishi gida: ƙauyen Ingilishi na Paju a 2006, makarantun ƙasa da ƙasa a tsibirin Jeju daga 2011, sannan daga 2017 aka daina jera ɗalibai da juna wajen makin Ingilishi na Suneung domin rage gasa. Duk da haka kuɗin ƙarin karatu ya ci gaba da hawa, haihuwa kuwa ta faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023, mafi ƙanƙanta a duniya, kuma tsadar tarbiyyar yaro na cikin dalilan da ma'aurata ke ambata. Yaron da ake miƙa wa wani gida a hayin teku, sau da yawa shi kaɗai iyayensa suka haifa.