Lissafin Ƙaruwar Farashi Bisa Ɗari: Misali Daga Kasuwar Dawanau

1.0 Gabatarwa

Kasuwar Dawanau, wadda take cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa a kan hanyar Kano zuwa Katsina, tana ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. A nan ake hada-hadar gero da dawa da masara da wake da riɗi. Farashin hatsi yakan sauka da kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo, sannan ya hau daga bazara zuwa tsakiyar damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Ana auna girman wannan hawa ne ta hanyar lissafin kashi bisa ɗari.

1.1 Matakan Lissafi

Matakan guda uku ne. Da farko, a ɗebe tsohon farashi daga cikin sabo domin a sami bambanci. Na biyu, a raba bambancin da tsohon farashi. Na uku, a ninka abin da aka samu sau 100.

Alal misali, a ɗauka manomi ya sayar da buhun gero naira 40,000 da kaka, da damina kuma abinci ya ƙare masa, ya dawo ya saye shi naira 50,000. Bambancin shi ne naira 10,000. In aka raba 10,000 da 40,000 za a sami 0.25, in aka ninka sau 100 ya zama 25. Ke nan farashin ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari.

1.2 Muhimmancin Tushe

Kullum tsohon farashi shi ne tushen lissafi. Da a ce buhun nan zai sauko daga naira 50,000 zuwa 40,000, to ragin kashi 20 ne kawai, domin yanzu da 50,000 ake rabawa. Wanda ya rikita tushe yakan ƙiyasta ribarsa ko hasararsa ba daidai ba.

1.3 Lura da Kalmomi

Wajibi ne ɗalibin Hausa ya bambance "ƙaru da" da "ƙaru zuwa". A shekarar 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi a Nijeriya daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Albashin ya ƙaru zuwa 70,000, amma da 40,000 ya ƙaru, wato kimanin kashi 133 cikin ɗari. Wannan ya nuna ƙari yana iya zarce kashi 100, domin kashi 100 ninki biyu ke nan.

1.4 Kammalawa

Yawan nairar da aka ƙara ba shi kaɗai ke nuna nauyin ƙari ba, sai an gwada shi da inda aka taso. Da wannan ma'auni ne magidanci zai gane ko ƙarin da ya samu ya cim ma tsadar hatsi, manomi kuma ya san abin da gaggawar sayarwa da kaka take jawo masa.