Gibin da korona ta bari a katin rigakafin yaran Gure

Ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. Waɗanda ta kashe a ƙasar ba su wuce ɗari uku da ƴan kai ba, shi ya sa mutane da dama a Gure suke ganin ta wuce ba ta taɓa mu ba. Ta taɓa mu, ta wata ƙofa dabam.

Da annobar ta shigo, an dakatar da zagayen rigakafi, iyaye mata suka ƙaurace wa asibiti don tsoro da jita-jita. Macen cikin gari tana iya komawa bayan wata biyu. Matar makiyayi kuwa, wadda ba ta ganin malamin asibiti sai ranar da motarsa ta ratsa rairayi ta iso bakin rijiya, in zuwa ɗaya ya kuɓuce mata, garke ya yi gaba. Jaririnta ya rasa allura uku na sati 6, 10 da 14 masu kare shi daga mashaƙo, ya rasa ta ƙyanda ta wata tara.

Cuta ba ta ɓulla ranar da aka fasa allura. Sai irin waɗannan yara sun taru. Ƙyanda ce ke fara ganowa, domin sai an yi wa kusan kashi 95 cikin ɗari rigakafi take rasa hanya. A wata ukun farko na 2021 an samu mutum sama da 3,000 da ita a Nijar, ninki uku na irin wannan lokaci a 2020. Mashaƙo ya tashi a Kano ƙarshen 2022, a 2023 ya bayyana a Matamaye, jihar Damagaram ta fi ko'ina jin jiki.

Ba komai za a jingina wa korona ba. Sanƙarau da ya kama mutum 559 a jihar daga Nuwamban 2022 zuwa Janairun 2023, biyu daga cikinsu a Gure, galibinsa nau'in C ne, wanda allurar yau da kullum ta lokacin ba ta tare shi. Amma ƙyanda da mashaƙo allurarsu na nan, kyauta.

Iyaye, ku ɗauko katin yaran da aka haifa tsakanin 2019 da 2021. In akwai gurbin da ba a cike ba, ku kai su asibiti mafi kusa.