Cokalin Ƙarfe da Warin Tafarnuwa: Gaskiya Ne ko Camfi?

Na san kin sha gama girki, kin wanke hannu da sabulu har sau biyu, amma kina miƙa wa maigida ruwa sai ki ji tafarnuwa na nan daram a yatsunki. Watakila an ba ki shawarar ki goga hannu a jikin cokalin ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa. Har wani dunƙulen ƙarfe mai siffar sabulu ake sayarwa don wannan aiki. Shin yana yi?

Albasa da tafarnuwa suna ɗauke da sinadarai dangin farar wuta. Da zarar kin yanka ko kin daka su, sai warin ya tashi ya maƙale a fata. Shi kuwa ƙarfen, wanda Harry Brearley ya haɗa a birnin Shefil na Ingila a 1913, akwai sinadarin kuromiyam a cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Masu wannan dabara suna cewa sinadaran warin kan bar fata su kama ƙarfen. Maganar tana kama hankali, sai dai ba wani ƙwaƙƙwaran bincike da ya tabbatar da ita. Kada kuma ki manta, cuɗawar da ruwan da ke zuba su ma suna rage wari.

Don haka 'yar uwa, kada ki taɓa kuɗin cefane don sabulun ƙarfe. Gwada da cokalinki: goga hannu ɗaya a ƙarƙashin ruwan sanyi, ɗayan ki wanke da ruwa zalla, ki ba wata ta sansana. Amma ban da wuƙa, kar garin neman gira a rasa ido.

Ƙarnin kifi daban yake. Tsami ne ke kashe shi, don haka matsa lemun tsami ki cuɗa kafin sabulu, muddin ba ki da rauni a hannu. Ki bi ƙarƙashin farce, nan wari ke ɓuya.

Tafarnuwar da kika ci kuwa, jini take bi, ta fito ta numfashi da gumi, cokali ba ya kai wa can. Kin dai san hadisi ya hana wanda ya ci ɗanyarta kusantar masallaci don kar ya cutar da jama'a. Dafa ta sosai yana rage ƙarfinta.

Allah ya sa albarka a girkinmu, amin.