Bayan tiyatar zuciyar yara: me ya sa lamba ɗaya ba ta isa ba?

Idan aka fito da yaro daga tiyatar zuciya, iyaye kan ƙura wa allon na'urar da ke gefen gadonsa ido, duk lambar da ta hau sai gabansu ya faɗi. Su kuwa likitoci ba lamba ɗaya suke dubawa ba. Bari mu ɗauki tiyatar Fontan a matsayin misali.

Lafiyayyiyar zuciya famfo biyu gare ta: na dama yana tura jini huhu, na hagu yana tura shi sauran jiki. Wasu yaran kuma da famfo ɗaya mai aiki ake haifar su. Likitan Faransa Francis Fontan ne ya fara irin wannan tiyata a 1968. A yau, manyan jijiyoyin da ke dawo da jini daga jiki ake haɗawa kai tsaye da jijiyar huhu. Tunda babu famfon da zai tura shi, jinin gangarawa yake yi, kamar ruwa daga tudu zuwa kwari.

Shi ya sa matsin jinin waɗannan jijiyoyi, wanda a lafiyayyen yaro ba ya cika wuce 8 mmHg, yakan kai 10 zuwa 15 bayan Fontan. Wannan hawan ba matsala ba ne, shi ke tura jinin.

To, idan ya wuce haka fa? Sai a kwatanta shi da matsin ɗakin zuciyar da jini ke shiga bayan ya fito daga huhu. In na farko ya hau, na biyu yana ƙasa, akwai cikas a huhu ko a hanyar da aka ɗinka. In duka biyun sun hau, ko famfon ya gaza, ko jini ya taru a kewayen zuciya yana matse ta, wanda ke buƙatar gaggawa. In duka sun faɗi, jini ko ruwa ne ya yi ƙaranci. Kowanne maganinsa daban: ƙarin ruwan da zai ceci yaron ƙarshe yana iya cutar da wanda famfonsa ya gaza.

Na'urar ma takan ruɗar da mutum. Idan abin awon ya kauce daga saitin zuciya da santimita 10, lambar za ta kauce da kusan 7 mmHg. Don haka ma'aikatan jinya ke sake saita shi duk lokacin da aka ɗaga gado, sannan su taɓa ƙafar yaron su ji ɗuminta, su duba yawan fitsarinsa, kafin a yanke hukunci.