MILIYON ƊAYA: MI KE CIKINTA?

Ƴan'uwa manoma na Kore Mairuwa, idan ƙungiyar gari ta sayar da wake ko gujiya, kuɗin yana iya kai miliyon. Mutane da yawa sun iya lissafin dala da jikka da ka, amma in sun ga babbar lamba bisa takarda sai su ce: « Malam, karanta mini. » Wanda ake karanta ma lamba, ana iya cutarsa. Bari mu kwance ta tare.

Ga yadda ake rubuta miliyon ɗaya: 1.000.000. Ɗaya ce da sifili shida. A fara daga hannun dama, a ware alƙaluma uku-uku. Rukuni na fari shi ne na ɗari, na biyu na dubu, na uku na miliyon.

A kula da sifili! 100.000 jikka ɗari ne. 1.000.000 jikka dubu ne. Sifili guda ya ninka kuɗi sau goma. Kada ka sa hannu ga takarda sai ka ƙirga sifilinta.

A takarda tamma ake rubutawa, a kasuwa kuwa dala muke ƙirgawa. Dala ɗaya tamma 5 ce, jikka tamma 1.000. Ke nan miliyon ɗaya dala 200.000 ce. In takardun jikka goma ne, guda 100 za a ƙirga maka.

Yaya za a san ko kuɗi ya rabu daidai? Ga alamu uku.

Na ɗaya: dubi alƙalamin ƙarshe. In 0, 2, 4, 6 ko 8 ne, lambar cika ce, tana rabuwa biyu. In ba haka ba, mara ce.

Na biyu: in ta ƙare da 0 ko 5, tana rabuwa biyar, wato ana iya biyanta da dala ba saura.

Na uku: haɗa alƙalumanta duka. In jimlar ta rabu uku, ita ma lambar ta rabu uku.

Mu gwada. Miliyon cika ce. Unguwa huɗu, kowace jikka 250. Unguwa takwas, kowace jikka 125. Amma unguwa uku fa? Jimlar alƙaluman 1 ce, ba ta rabuwa uku. Kowace unguwa za ta samu 333.330, dala biyu su rage cikin asusu. Ba ma'aji ya ci ba, halin lambar ke nan. Da 1.200.000 ne, 1 da 2 uku, kowace ta ɗauki jikka 400 cif.

Ga aikinku: ƙidayar jama'a ta 2012 ta ce mutanen Nijar 17.138.707 ne. Ku karanta ta da ƙarfi. Cika ce ko mara? Tana rabuwa uku? Ku kai amsa ga malamin yaƙi da jahilci.