Gaya, garin fito marar layin dogo: abin da hoton jirgin kaya yake faɗa mana

A ƙasashen Turai, Amurka, Japan da Indiya akwai wasu bayin Allah da sha'awarsu a duniya ita ce ɗaukar hoton jirgin ƙasa. Ba ma'aikatan jirgi ba ne, kuma ba mai biyan su ko dala. Sai mutum ya yi sammako, ya rataya kyamara, ya je ya tsaya kusa da wata gada ko wata kwana yana jiran jirgin kaya ya ɓullo, ya ɗauki hoton kan jirgin, ya rubuta lambarsa da ranar da wurin cikin ɗan littafi, ya koma gida da murna kamar wanda ya ciwo riba a kasuwa. Mai karatu zai iya cewa wannan aikin waɗanda suka ƙoshi ne. Amma in mutumin Gaya ya ce yau shi ma zai gwada, nan take zai ci karo da wata tambaya da ta shafi aljihun kowane ɗan kasuwa da kowane ma'aikaci a Nijar: ina jirgin yake?

Amsar ba ta da daɗin ji. Garin da shekara da shekaru ya zama babbar ƙofar shigowar hajar ƙasar nan daga teku, garin da ke kallon Malanbil ta Benin a tsallaken kogin Kwara, ya kuma jingina da Kamba ta Najeriya, ba shi da ko taku ɗaya na layin dogo. Wanda ke son ganin wurin da jirgin kaya ya saba tsayawa, sai ya haye kogi ya yi tafiyar fiye da kilomita 300 kudu, zuwa Paraku.

Sha'awar da ta zama ma'ajiyar tarihi

Hoto da jirgin ƙasa kusan tare suka girma, domin dukansu ƴaƴan ƙarni na 19 ne. Ɗaya daga cikin finafinan farko da ƴan'uwan nan Lumière na Faransa suka ɗauka, shigowar jirgi ce tashar garin La Ciotat. A Ingila kuwa, a 1942, wani saurayi ma'aikacin kamfanin jirgin ƙasa mai suna Ian Allan ya buga ɗan littafi mai jerin lambobin kawunan jirage, sai ga yara da manya sun cika tashoshi, kowa na neman ya ce ya ga lamba kaza. A Amurka, daga 1955 zuwa 1960, mai ɗaukar hoto O. Winston Link ya bi jiragen kwal na kamfanin Norfolk and Western, yawanci da dare, yana haska su da fitilu masu yawa, domin ya san kwanansu ya ƙare. Jiragen sun tafi, hotunansa suka saura, har aka buɗe musu gidan ajiya a garin Roanoke a 2004.

A nan Afirka ta Yamma, jirgin da ya fi jawo masu wannan sha'awa shi ne na ma'adinin ƙarfe a Muritaniya, wanda tun 1963 yake ratsa hamada tsawon kilomita 704 daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, yana jan taragu da jerinsu ya wuce kilomita 2.

Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani kan darajar irin wannan hoto ba. Jirgi ya iso Kano a 1911, aka buɗe layin ga kasuwanci a 1912, kasuwar gyaɗa ta buɗe, har aka wayi gari ana tara buhuna kamar duwatsu suna jiran tarago. Dalar gyaɗa ta ɓace tuntuni. Yaron da aka haifa yau, in ba don hoto ba, da sai ya ɗauka tatsuniya ce kakansa yake yi masa. Gani ya kori ji.

Layin da ya tsaya Paraku

Turawan Faransa sun fara shimfiɗa layin dogo daga Kwatano a 1900, da niyyar kai shi bakin kogin Kwara. Layin ya bi ta Alada, Bohikon, Dasa, Sabe da Cawuru, ya iso Paraku a 1936, bayan kilomita 438. Daga nan bai ƙara gaba ba. An raɗa masa suna Benin-Nijar, kamar yadda aka raɗa wa wasu layuka uku sunan kogin nan namu: Dakar-Nijar, wanda ya tsaya Kulikoro ta Mali, Abijan-Nijar, wanda ya kai Wagadugu a 1954, da Mediteraniya-Nijar na zamanin gwamnatin Vichy, wanda ya maƙale a kudancin Aljeriya. Layuka huɗu ke nan masu suna Nijar, babu ɗaya da ya taka ƙasar da ake kira Nijar.

Da jirgi ya kasa isowa, sai aka haɗa shi da mota. A shekarun 1950 aka ƙirƙiro tsarin da ake kira Hirondelle: gyaɗar Nijar ta gangara Paraku a mota, ta hau tarago zuwa teku, motocin su komo da hajar da jirgi ya kawo. Gadar Gaya da Malanbil, wadda aka buɗe a 1958, ta raba motoci da jiran jirgin fito. A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN, wadda ta koma OCBN bayan Dahome ta zama Benin a 1975. Abin lura a nan shi ne, Nijar tana da haƙƙin mallaka cikin kamfanin jirgin ƙasa tun kafin ta samu ƴancin kai, alhali duk layin yana ƙasar maƙwabciyarta.

Saboda haka tarihin tattalin arzikin Nijar yana nan kwance cikin tashar Paraku. Can aka sauke gyaɗar Sonara. Da aka shiga zamanin yuraniyom, can ake loda gangunan da motoci suka kwaso daga Arlit, can kuma ake sauke farar wutar da masana'antun Somaïr da Cominak ke aiki da ita. Shinkafa, sukari, gishiri, taki, ƙarafan gini: duk buhun da ya sauka daga tarago sai ƴan dako sun sake ɗaga shi zuwa bayan mota, kuma kowace ɗagawa kuɗi ce, ɓata lokaci ce, wani lokaci har da asarar kaya. Mai saye a kasuwar Doso ko ta Maraɗi shi ke biyan wannan duka bai sani ba. Sannu a hankali ƴan kasuwa suka gwammace su loda mota tun daga bakin teku. Layin ya tsufa, kawunan jirage ƙirar Alsthom suka gaji, kayan gyara suka yi tsada musamman bayan karyewar darajar CFA a watan Janairu na 1994, har ta kai a shekarun 2000 aka daina jigilar fasinja.

Doso ta ga dogo, Gaya na jira

Ranar 7 ga Afrilu, 2014, shugaba Isufu Mahamadu, tare da takwarorinsa Boni Yayi na Benin da Faure Gnassingbé na Togo, ya buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai, aka ƙaddamar da aikin da kamfanin Bolloré na Faransa ya karɓa. Buri shi ne a haɗa Kwatano, Yamai, Wagadugu da Abijan da layi guda. A 2015 aka kafa kamfanin Bénirail domin ya gaji OCBN. Ranar 29 ga Janairu, 2016, aka yi bikin kammala kilomita 143 tsakanin Yamai da Doso. Mataki na gaba shi ne Doso zuwa Gaya, sannan a haye kogi a haɗe da Paraku.

Abu biyu suka tare hanya. Na farko shari'a ce: kamfanin Petrolin na attajirin Benin Samuel Dossou ya ce shi ya ci kwangilar layin tun 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ba shi gaskiya a 2015, kotun ƙoli ta Benin ta tabbatar a 2017. A 2018 shugaba Patrice Talon ya fito fili ya ce ya fi son a miƙa aikin ga Sin. Na biyu maganar faɗin layi ce. Layin Benin da wanda aka shimfiɗa zuwa Doso faɗinsu mita 1 ne; tsohon layin Najeriya milimita 1,067; sabbin layuka irin na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, milimita 1,435. Tarago ba ya tsallakawa daga wani faɗin zuwa wani. Masu suka sun ce an gina wa Nijar layin jiya, masu kare aikin suka ce da babu gara ba daɗi, kuma dole ya dace da na Paraku. Ana cikin wannan taƙaddama aikin ya tsaya, layin Yamai zuwa Doso bai haɗu da kowane layi ba, bai kuwa shiga jigilar kasuwanci ba.

Sai kuma aka shiga wani babin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka toshe gadar Gaya da Malanbil, ɗaruruwan motoci suka yi carko-carko, mutane suka koma kwalekwale kamar zamanin da ba a yi gada ba. A watan Fabrairu na 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro, haja mai yawa ta karkata zuwa Lome ta hanyar Burkina Faso. A gabas kuwa, tun watan Fabrairu na 2021 Najeriya ta aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda ya bi ta Daura, Katsina da Jibiya. Ya kamata ƴan kasuwar Gaya su sa ido kan wannan, domin haja ba ta da dangi, hanyar da ta fi sauƙi take bi.

Ga mai son gwadawa

Yau da kowa ke da kyamara a cikin salularsa, wannan sha'awa ba ta buƙatar jari, amma tana da ladubba. Na farko, neman izini. Tasha, gada, ma'ajiyar duwan da bakin iyaka wurare ne da jami'an tsaro ba sa wasa da su, musamman a irin wannan zamani. A je wurin shugaban tasha ko hukumar da abin ya shafa, a yi sallama, a faɗi dalili, in an hana a haƙura. Haka nan ba a ɗaukar fuskar ma'aikaci ko ɗan dako sai da yardarsa. Na biyu, tsare rai. Jirgin kaya mai lodi ba ya tsayawa nan take ko da direba ya taka birki, kuma tarago ya fi layin faɗi. Ba a tsayawa a kan dogo, ba a ratsawa tsakanin taragu, ko da ana ganin a tsaye suke.

Ta fuskar gwaninta, masana sun fi son hasken hantsi ko na la'asar, rana tana bayan mai ɗauka. Tsakar rana tana baƙanta ƙafafun jirgi, hazon hunturu kuma yana dusashe nesa. Ana tsayawa a karkace, ta yadda gaban jirgi da gefensa za su fito tare, taragu su miƙe har ƙurewar gani. Lambar kan jirgi ta fito sarai, domin ita ce sunansa. Da ita ake gane ƙirarsa da shekarunsa. A bar wani abu na wurin ya shiga hoton, ko allon sunan tasha, ko bishiyar kuka, ko mata masu tallar doya, don a san ƙasar da ake. Daga ƙarshe, a rubuta rana da wuri. Hoton da ba shi da kwanan wata kamar rasit ne marar sa hannu.

Kada kuma a raina layin da babu jirgi a kansa. Hoton wuri guda a kan hanyar Doso, a ɗauke shi bana, a sake ɗauka baɗi, zai nuna inda ruwa ya zaizaye, inda rairayi ya binne, inda aka yi gini kusa da dogo. Wannan hujja ce da injiniya zai yi aiki da ita, ɗan majalisa ya yi tambaya a kanta, mai biyan haraji ya san inda aka kwana.

Kira ga masu tsofaffin hotuna

Akwai tsofaffin direbobin hanyar Paraku, da masu fiton kaya, da ma'aikatan OCBN da na duwan da suka yi ritaya, waɗanda a cikin akwatunansu akwai hotunan tasha, na lodi, na layin motoci a bakin gada. Gara da damshi na cin su, magada kuma sau da yawa ba su san darajarsu ba. Zai yi kyau a fito da su, a sake ɗaukar su da na'ura, a rubuta sunan wuri da shekara tun masu su suna da rai, a kai kwafi ma'ajiyar tarihi ta ƙasa ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ko na jihar Doso. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na masu motoci suna da halin ɗaukar nauyin wannan ɗan aiki.

Magabata sun ce waiwaye adon tafiya. Tun 1936 ake yi wa mutanen Dendi alƙawarin jirgi, gwamnatoci sun zo sun wuce, an yi bukukuwa, an yanka kirtani. Duk ranar da za a sake zama teburin shawara kan layin Paraku zuwa Doso, ya kamata wakilanmu su je da tarihin abin a hannu: me aka gina, da wane faɗi, me ya lalace, wa ya biya. Allah ya nuna mana ranar da yaron Gaya zai ɗauki hoton jirgin kaya a kan kogin Kwara ba tare da ya bar garinsu ba, amin.